Hasken Shago Haƙƙin Wane Ne?

Tun da kuɗin wuta ya tashi, mai shago a unguwar Kakuri ta Kaduna ya daina kallon ƙwan lantarkin da ke rataye a kansa da idon da yake kallonsa a da. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta daga baya. Wanda layinsa bai faɗa wannan rukuni ba shi ma bai tsira ba, domin da janareta yake cike awannin da babu wuta, ga shi man fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Sai dabarun rage kuɗin haske suka yawaita. Wani ya kwance ƙwai uku cikin biyar, wani ya koma ga 'yar fitilar caji guda ɗaya, wani kuma aka kawo masa labarin na'urar da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga fitilu, ana cewa mita za ta rage gudu, ido kuma ba zai lura ba. Tambayar da ta fi zuwa bakin 'yan kasuwa ita ce nawa za a rage. Amma akwai wadda ta riga ta, kuma ta addini ce: hasken da ke cikin shago mallakar mai shago ne shi kaɗai, ya yi yadda ya ga dama da shi, ko kuwa mai saye yana da rabo a ciki? A ganina mai saye yana da rabo, kuma rabon nasa shi ne iyakar da tattalin mai shago ba zai tsallake ba.

Bai kamata a raina tsoron da ke zuciyar ɗan kasuwa ba, musamman a wannan unguwa. Kakuri ta ga yadda tsadar makamashi ke durƙusar da abin da ake zaton ya fi ƙarfin durƙushewa. A nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sannan Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a 1975. Dubban ma'aikata ne ke fitowa daga ƙofofin masaƙun nan a ƙarshen wata da albashi a aljihu, kuma da wannan albashi ne shagunan Kakuri da Makera da Kasuwar Monday suka rayu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma cikin dalilan da kowa ke lissafawa, bayan fasa-ƙwaurin atamfa daga waje, akwai rashin tsayayyar wuta da tsadar baƙin mai. Wanda ya ga injinan da ke ciyar da gari sun yi shiru saboda kuɗin wuta, ba za a yi masa wa'azin cewa kuɗin ƙwai biyar ba komai ba ne. Saboda haka maganar da zan yi ba ta hana kowa tattali. Tana neman a bambanta tattalin da ke halas da wanda ke cin haƙƙin wani ne.

Sai an fahimci yadda na'urar take aiki kafin a yi mata hukunci, domin malamai sun daɗe da cewa ba a yanke hukunci kan abin da ba a san siffarsa ba. Wutar da ake ba gidaje da shaguna a Najeriya ƙa'idarta bolt 230 ce. Dabarar rage ƙarfin wuta ta yi kasuwa ne a Ingila, inda a takarda aka mayar da ƙa'idar bolt 230 a 1995, amma wutar da ke isa gine-gine ta ci gaba da zama kusa da bolt 240. Sai kamfanoni suka riƙa sayar wa manyan kantuna wata 'yar taransifoma da ke sauko da ita zuwa wajen bolt 220, kuma a kan tsofaffin fitilu, wato dogon ƙwai mai cok na ƙarfe da jan ƙwai mai zare a ciki, lallai ana samun ragin kuɗi. Sai dai ragin ba kyauta yake zuwa ba. A kan jan ƙwai, idan aka rage ƙarfin wuta da kashi 10 cikin ɗari, abin da yake ci yana raguwa da kusan kashi 15, hasken da yake bayarwa kuwa yana faɗuwa da kusan kashi 30. Wato hasken da aka rasa ya ninka kuɗin da aka tsira da shi. A kan ƙwan LED mai inganci kuwa, wanda ke da ɗan allon da ke daidaita wa kansa abin da zai ci, rage ƙarfin wuta kusan ba ya rage komai, domin ƙwan zai ja abin da yake bukata ko wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Shago mai jan ƙwai goma, kowanne wat 60, yana kunna su awa shida a kullum, zai ci yunit 108 a wata, wato naira 24,300 a farashin naira 225. Idan ya sa na'urar rage ƙarfin wuta zai tsira da wajen naira 3,600, ya kuma yi asarar kusan sulusin haskensa. Idan kuwa ya sauya su da ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wat 60 na tsohon ƙwai, duk abin da zai biya a wata shi ne wajen naira 3,600 ɗin, ya ajiye sama da naira 20,000, kuma bai tauye wa kowa ganinsa ba. A ƙara da wani abin da duk mazaunin Kaduna ya sani: matsalarmu ba wutar da ta yi yawa ba ce. Sau da yawa da yamma, lokacin da kowa ya kunna kayansa, wuta takan zo ba ƙarfi, fanka na juyawa da ƙyar, firiza na gurnani ba ta tashi, shi ya sa mutane ke sayen sitabilaiza don su ɗaga ta. Maganin da aka yi wa ƙasar da wutarta ta wuce kima ba lalle ne ya dace da layin da wutarsa ba ta kai kima ba, kuma injin firji da ke aiki da raunanniyar wuta yana zafi ya ƙone. To amma ko babu wannan na'ura, rage hasken yana faruwa ta hanyar kwance ƙwai da dogaro da fitila mai rauni, don haka tambayar addinin tana nan daram.

Musulunci ba ya gaba da mai tattali. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu, a Suratul Furƙan kuma ya yabi bayin Allah da cewa idan za su kashe dukiya ba sa ɓarna ba sa ƙwauro, suna bin tsaka-tsaki. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe fitilu idan za a kwanta barci, kuma ko da yake dalilin da aka ambata shi ne tsoron gobara, umarnin yana koyar da cewa ba a barin wuta tana ci inda babu mai amfana da ita. Ƙwan da ke ci a ƙofar shago da rana tsaka, da allon talla da ke walƙiya har asuba a titin da babu kowa, da fitilar da aka bari a ɗakin ajiyar kaya an kulle, duk ɓarna ce, kuma wanda ya kashe su ya yi aikin lada idan niyyarsa ta gyaru. Wasu ƙasashe ma doka suka mayar da abin. A Faransa tun daga Yulin 2013 ana bukatar kantuna su kashe fitilun tagoginsu daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, a Japan kuma bayan girgizar ƙasar Maris ɗin 2011 da haɗarin Fukushima, kantuna sun kashe allunan talla sun rage fitilu domin wutar ta ishi kowa. Babu wanda aka cuta a wannan.

Sai dai littattafan da ke yabon tattali su ne kuma suka yi maganar ciniki a cikin duhu, kuma sun yi ta ƙarara. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 miladiyya, littafi ne da ake karantawa a zaurukan malamai daga Zariya zuwa Sakkwato, kuma a babin ciniki ya hana sayen tufar da ba a warware ta ba, ba a kuma siffanta ta ba, ya kuma hana sayen ta a cikin duhun daren da mai saye da mai sayarwa ba za su iya duba ta su san abin da ke cikinta ba. Haka ya ce game da dabba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi da ba Bamalike ba ne, a littafinsa Ihya'u ya lissafa baje tufafi a wuri mai duhu cikin nau'o'in algus, ya jera shi tare da nuna kyakkyawar fuskar yadi a ɓoye ɗayar, da nuna wa mai saye warin takalmin da ya fi kyau. Malamai biyu, mazhaba biyu, ɗaya a Tunisiya ɗaya a Gabas, babu lantarki a zamaninsu, amma duka sun ga abu ɗaya: yardar da ke halatta ciniki tana tsayawa ne a kan sani, sanin kuma a yawancin kaya ta ido yake shiga. Ya kamata wannan ya taɓa zuciyar ɗan Kakuri fiye da kowa, tunda misalin da suka zaɓa tufa ce, kuma a kan tufa unguwar ta ginu.

Daga nan ne nake cewa haske ɓangare ne na awo. Mun saba da jin Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu, kuma babu ɗan kasuwar da zai fito fili ya ce ƙwanƙwasa gindin mudu hanya ce ta rage asara. Mudu yana gaya wa mai saye yawan abin da ya karɓa, haske kuma yana gaya masa kyawunsa ko muninsa, kuma kuɗin da ya miƙa na duka biyun ne. Matar da ta zo sayen atamfa bayan magariba tana bukatar ta ga ko launin ya zuba a gefe. Mai sayen gwanjo yana bukatar ya ga huji da tabo. Mai sayen shinkafa yana neman tsakuwa da ƙwari, mai sayen madarar gwangwani yana neman kumburi da tsatsa, wanda ya shiga kemis kuma yana bukatar karanta ranar da magani zai lalace da lambar NAFDAC, alhali da ƙananan haruffa ake buga su, waɗanda ko da rana sai an ƙura ido. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Abin lura shi ne mutumin bai yi ƙarya da bakinsa ba, kuma ba shi ya saukar da ruwan ba. Laifinsa shi ne ya bar aibin inda ido ba zai kai ba. Shagon da aka bar kantocinsa a duhu yana yin wannan aikin a kan kowane kaya da ke cikinsa, ba tare da an motsa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ragin kuɗi iri biyu ne, kuma a takardar lissafi kamanninsu ɗaya. Akwai ragin da ke kawar da ɓarna, wanda idan an yi shi babu wanda ya rasa komai, kamar sauya ƙwai da kashe fitilar da babu mai amfani da ita da shafa wa bango farin fenti da buɗe taga da rana. Akwai kuma ragin da ba ya kawar da komai, illa ya ɗauke nauyi daga kan mai shago ya ɗora wa wanda bai sani ba. Naira 3,600 da aka tsira da ita ta hanyar dusashe haske ba ɓacewa ta yi ba, tana fitowa daga aljihun wanda ya kai yadi gida ya ga launin ba shi ya zaɓa ba, ko wanda ya ba ɗansa maganin da ya wuce wa'adi. Tambayar da mai tsoron Allah zai yi wa kowace dabara ita ce wa zai biya wannan ragin. Da ita ma ake gane hukuncin mai kifi da kaji da ke kashe firiza da dare ya kunna da safe, kayan su narke su sake daskarewa, da mai kemis da ke barin maganin da ke bukatar sanyi a firjin da ba ya aiki. Mitarsu ta rage gudu, amma lafiyar wani ce ta biya.

Wani zai ce na tsananta, domin idon ɗan Adam yana sabawa, kuma ragin kashi goma ko goma sha biyar na haske ba wanda zai lura da shi balle ya cutu. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba zan musa ba. Manyan kantuna da yawa haskensu ya wuce bukata, an yi shi don ƙawa da jan ido, kuma wanda ya rage daga wannan rarar bai taɓa haƙƙin kowa ba. Shari'a ba ta ƙayyade adadin ƙwai ba, ta ƙayyade manufa, wato mai saye ya iya duba kayan ya san abin da ke ciki. Duk abin da ya haura wannan na mai shago ne, ya rage ko ya bari. Amma mai wannan hujja ya duba da kyau, domin tana yi masa aiki ne a shagon da ke da rara. Yawancin ƙananan shagunanmu dogaye ne masu ƙofa ɗaya, babu taga, kaya sun cika har silin, kuma tun asali da ƙwai ɗaya ko biyu suke lallaɓawa. Kuma sabawar ido ba ita ce gani ba. Mutum zai iya sabawa da duhu har ya daina jin cewa akwai duhu, amma hakan ba ya sa ya bambanta shuɗi mai duhu da baƙi, ko ya karanta 2024 bai ɗauke ta 2026 ba. Rashin lurar mai saye ma shi ne abin tsoro, domin da ya lura da ya nemi a fito masa da kayan waje.

Wani kuma zai ce niyyarsa tattali ce ba yaudara ba, kuma ayyuka da niyya suke. Haka ne, kuma niyyar tana ɗauke masa zunubin mayaudari matuƙar bai san akwai aibi ba. Amma ba ta ɗauke haƙƙin mai saye. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da bai gani ba yana da damar mayarwa, ko mai sayarwa ya san da aibin ko bai sani ba, bambancin kawai shi ne wanda ya sani ya ɓoye hukuncinsa ya fi nauyi. Sannan niyya ba dutse ba ce da ke zama yadda aka ajiye ta. Wanda ya rage haske don kuɗin wuta, sai ya lura cewa kayan da suka daɗe a kanta sun fi fita da dare, ya kuma ji daɗin hakan ya yi shiru, to niyyarsa ta riga ta sauya ko bai furta ba. Haka nan uzurin ɗauke wuta. Babu mai zargin ɗan kasuwa da duhun da ba shi ya jawo ba, kamar na watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta jefa yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Amma duhu yana ba shi uzurin rashin haske ne kawai, ba ya ba shi izinin cin ribar duhun. A irin wannan hali abin da ke kansa shi ne ya faɗi aibin da bakinsa, ko ya ba mai saye zaɓin dawo da kaya gobe idan ya duba da rana, kuma Risala ɗin nan ta halatta ciniki bisa zaɓi na ɗan gajeren lokaci saboda irin wannan.

Hujjar da ta fi yawo a kasuwa ita ce mai saye yana da ido, yana da tocilan a wayarsa, idan bai duba ba shi ya so, kuma kowa ya san ba a cinikin biri a sama. Wannan ra'ayi yana ɗaukar kasuwa a matsayin fagen da kowa ke tsaron kansa, mai wayo ya ci marar wayo. Addini bai ɗauke ta haka ba. A hadisin Hakim ɗan Hizam da ke Bukhari da Muslim, an ɗora albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyanawa daga ɓangarorin biyu, an kuma ce ɓoyewa da ƙarya suna shafe ta. Bayyanawa aiki ne da ake yi, ba zama ne a jira a tambaye ka ba. Dalilin a fili yake, domin mai shago ya san kayansa, shi ya sauke su, ya san wanda ruwa ya taɓa da wanda ya kwana biyu, mai saye kuwa baƙo ne da ke da mintuna kaɗan. Kuma su wa ke cutuwa idan aka bar wa kowa tsaron kansa? Tsoho mai raunin gani, da yaron da aka aiko, da wanda bai iya karatu ba, da matar da kunya ke hana ta haska kayan mutum da waya a gabansa kamar tana tuhumarsa. Tsarin da ke kare mai ƙarfin ido da ƙarfin baki shi kaɗai ba adalci ba ne.

Saura maganar larura. Mai ƙaramin shago zai ce ƙwai mai kyau yana da tsada, na araha kuma ba ya daɗewa, sola da batir sun fi ƙarfinsa. Wannan gaskiya ce, kuma a nan ne nake ganin nauyi ya hau kan hukuma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ghana ta raba ƙwai masu tsimin wuta miliyan shida kyauta a 2007 lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, domin ta gane cewa sauya ƙwai ya fi gina sabuwar tasha sauƙi. Amma ko kafin taimako ya zo, abin da ake nema daga talakan ɗan kasuwa ba shi da yawa. Ba a ce ya haskaka shagonsa duka ba. Fitila ɗaya mai farin haske a kan teburin da ake miƙa kaya da karɓar kuɗi ta isa ta sauke masa wajibi, ko da sauran shagon ya zauna da ɗan abin da ya samu. Shi ma yana amfana, domin a duhu ne jabun kuɗi ke wucewa, a duhu ake kuskuren canji.

Kada kuma a fahimci cewa yawan haske shi ne gaskiya. Ana yin algus da haske kamar yadda ake yi da duhu. Jan ƙwai a kan nama yana sa wanda ya kwana ya yi kama da na yanzu, fari mai shuɗi-shuɗi a kan shadda da leshi da sarƙoƙi yana ba su ƙyallin da rana za ta ƙaryata. Ƙasar Sin ta hana irin waɗannan fitilu a wuraren sayar da nama da kayan lambu daga 1 ga Disambar 2023 saboda suna sauya wa mai saye ainihin launin abinci. Wanda ya ƙara kuɗin wuta don ya ƙawata aibi ya haɗa laifi biyu, ɓarna da yaudara.

Akwai wani ɓangare da ba a son taɓawa. Shaguna da yawa ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo musu, kuma wanda zai biya abu ɗaya ko ya kashe ko ya kunna yakan ga babu amfanin kashewa. Wasu kuma da ke da mita mai kati suna zagaye ta da waya, suna cewa ramuwa ce ga kuɗin wutar da aka karɓa ba a ba su ba. Koken ƙiyasi koke ne na gaske, har NERC ta sanya masa iyaka a 2020, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin ya kai ƙara ya nace. Amma ma'aunin nan na wa zai biya bai canza ba. Taransifomar unguwa ɗaya ce, kuma duk abin da aka ɗora mata fiye da kima yana fitowa ne a matsayin raunin wuta a shagon da ke ƙarshen layi, ko ƙonewar da za a bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyara. Wanda ya bar ƙwai ashirin suna ci don ba shi da mita, maƙwabcinsa yake dusashe wa shago. Masu tarihi sun ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz yakan kashe fitilar baitulmali idan magana ta koma kan sha'anin gidansa, ya kunna tasa. Babu mita a kan wannan fitila, kuma babu wanda zai tuhume shi da ya bar ta tana ci.

Kakuri unguwa ce ta Musulmi da Kirista, shagunansu suna jingine da juna, kuma a wannan batu babu saɓani tsakanin littattafansu. Littafin Firistoci da na Karin Magana sun yi tir da ma'aunin ƙarya, Linjilar Yahaya kuma ta kawo yadda aka yi umarni a tattara ragowar gurasa bayan an ciyar da taro don kada ta lalace. Hana ɓarna da hana tauyewa duka suna nan a ɓangarorin biyu. Saboda haka kirana ga shugabannin 'yan kasuwar Kakuri shi ne su sa fitilar kan tebur cikin abubuwan da suke dubawa tare da mudu da sikeli, su haɗa kuɗi su sayo ƙwai masu inganci a sari su raba wa mambobinsu a biya sannu a hankali, su kuma mayar da damar dawo da kayan da aka saya da dare ta zama ƙa'idar kasuwa. Limamai da fastoci kuma su shigar da wannan cikin wa'azinsu na ciniki. Kai kuma mai shago, kafin ka kwance ƙwai na gaba ko ka biya kuɗin wata na'ura, ka tsaya inda mai saye ke tsayawa bayan magariba, ka ɗauki kwalin magani ko gwangwanin madara, ka gwada karanta ranar lalacewarsa. Idan ba ka iya ba, wannan ƙwan ba naka ba ne da za ka kwance.